Injin da Na Sa wa Rikodar Malam Sha'aban

Shugaban taro, Alhaji Abdulkabir, mai girma Dagaci, Malam Liman, shugabar makarantar da ta ba mu fili, Hajiya Raudatu, malamai, manoman da suka jingine fartanya suka zo, iyayenmu mata, sauran jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum warahmatullah.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana, ina kuma gode wa kwamiti da suka ba ni dama. Ni ne Kamaruddeen, mai gyaran rediyo a kasuwar Ɗambatta. Na saba gyara lasifika, ban saba magana a cikinta ba, amma yau murna ta fi ƙarfin kunya. Mun taru ne saboda 'yarmu Tahira, 'yar marigayi Malam Sha'aban, wadda aka ɗauki kiɗanta a faifai, kiɗan fiyano irin na Faransawan dā, wanda gwanaye kaɗai ke taɓawa. 'Yar garin nan, jama'a! 'Yar da ta tashi tana surfen gero tare da 'ya'yanmu!

Magana ta farko, asalin abin. Malam Sha'aban ya koyar da Faransanci shekara ashirin. Daga Damagaram ya dawo da kaset goma sha biyu na gwanayen makaɗa, da ƙaramin fiyano mai batir. Gara ta cinye takardun kaset ɗin, sunan makaɗi ko ɗaya bai tsira ba. Da Allah ya karɓi ransa, abin da ya bar wa Tahira ke nan, sai tsohuwar rikoda.

Magana ta biyu, laifina, kuma ina so kowa ya ji. A shekarar rasuwar, injin da ke juya kaset ya ƙone, Tahira ta kawo mini. Ban sami irinsa ba, sai na ciro na wata rikoda na ɗaura. Na gwada da kaset ɗin wa'azi, na ji muryar malam ta sirance, yana zuba kamar mai gudun kada motar Kano ta tashi ta bar shi. Na ji, wallahi na ji. Amma na ce a raina, kiɗan Turawa ne, wa zai gane? Na ɗaure sukurori na miƙa mata.

Shekara tara yarinyar nan tana bin wannan rikoda da kunne da yatsa. Shekara tara tana zaton haka gwanayen ke gudu, ita ce mai nawa. Mahaifiyarta, Inna Furera, ga ta nan zaune, ta sha ganin ta tana kuka tana tsoma yatsu a ruwan ɗumi. An ce ta saurari wasu a waya, ta ce kaset ɗin Baba ne malaminta, ba ta son wani. Duk ranar kasuwa tana gaishe ni, ni kuwa ko sau ɗaya ban buɗe baki na faɗa mata gaskiya ba.

Magana ta uku, ranar gwaji. An kira masu fiyano a wata cibiya a Abuja, mutum ɗaya za a ɗauka, kuma Tahira ta yi alkawari idan ta faɗi ta rufe fiyanon har abada. Ta fara kaɗawa ke nan, wata tsohuwa da ke alƙalanci ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, 'yata. Wa ya biyo ki?"

Tahira ta ce, "Ki yi haƙuri, har yanzu ban kamo gwanayen kaset ɗina ba."

Tsohuwar ta kunna mata asalin kiɗan. Nan Tahira ta ji shi yana tafiya a natse, yana numfashi, ta gane ta wuce gwanayen tun tuni ba ta sani ba. Tsohuwar ta ce, "Yatsun da wasu ke nema har su tsufa, kin zo da su. Saura ki koyi jira." Aka ɗauke ta! Shekara biyu ta yi tana koyon rage gudu, ga faifan nan a kan tebur, yanzu za ku ji da kunnenku.

Da ta dawo na je har gida, na faɗi gaskiya, na roƙi gafara, na ce ta ba ni rikodar in gyara yadda ya kamata. Sai ta ce, "Kawu, kukan da na yi na yafe. Amma rikodar nan kada ka taɓa ta. Malamina ne, ko da ya cika gaggawa."

Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu sana'ar hannu: abin da ka ji da kunnenka, ka faɗa wa mai kaya. Ni Allah ya rufa mini asiri, ya juya kuskurena ya zama alheri, amma hawayen shekara tara ba dabarata ba ce, sakacina ne.

Allah ya jiƙan Malam Sha'aban. Allah ya yi wa Tahira albarka, ya saka wa Inna Furera. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Mai kula da lasifika, kunna mana, kuma ku kwantar da hankalinku, wannan na'urar ba ni na gyara ta ba.

Na gode.