Abin da Aka Rubuta da Fensir

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugaban sashen nazarin adabi, shehunan malamai da ke kan dandamali, ɗalibai da kuke tsaye a baya saboda kujeru sun ƙare, 'yan jarida, iyayena maza da mata, ina gaishe ku, kowa da girmansa.

Ina godiya da kuka gayyaci gidanmu wannan taro na adabi da siyasa da fasahar zamani. Ina kuma godiya da wannan allon girmamawa da kuka ba mahaifina, wanda kowa ya sani da Tela. Bai samu zuwa ba, ƙafa ta ƙi, shi ya sa kuka ganni. Ni ba malama ba ce. Zare da maɓalli nake sayarwa a shagon da ya bar mini, saboda haka ku yi haƙuri da maganata, ba a goge ta ba.

Magana uku na zo da su.

Ta farko, yadda Baba yake rubutu. Shekara ashirin da shida yana waƙa, gwamnati uku ya gani, kuma kowacce sai ta aiko a kira shi gidan rediyo ya yabe ta. Mai iyali tara ba ya ce wa irin wannan kira a'a. Sai ya samo dabara. Baitin da zai rera a rediyo, ya rubuta shi da biro. A ƙarƙashinsa kuma, da fensir, ya rubuta na gaskiya, wanda zai rera wa masu jiran ɗinki idan an turo ƙofar shago. Biro ya ce: "Mun gode da hanya, mun gode da haske." Fensir ya ce: "Hanyar ta ƙare a ƙofar mai gida, hasken ma can ya kwana." Dalilin fensir kuwa, in jami'an tsaro sun zo bincike, a iya gogewa. Magogin yana cikin gwangwanin alluran Innarmu, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa amfani da shi ba. Littafi bakwai ne, shi ya ɗinke su da hannunsa.

Ta biyu, yadda kuka karɓa. Shekara huɗu da suka wuce, shugaban sashe ya zo shagonmu da kansa, ya zauna a kan bencin masu jira, ya ce, "Baba, takarda tana mutuwa, na'ura ba ta mutuwa. Ka ba mu aron mako biyu, mu ɗauki hotonsu, duniya ta san ka." Baba ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce da ni, "Ɗauko musu, 'yar nan, masu ilimi ne."

To, ga abin da masu ilimi suka yi. Na'urarku ba ta cin littafi a ɗinke, sai kuka sa wuƙa kuka yanke ɗinkin, kuka riƙa zura mata shafi-shafi. Aka saita ta baƙi da fari don rubutu ya fito raɗau. Biro ya fito raɗau. Fensir kuwa, ta ɗauke shi datti ne, ta share shi tas. Ba wanda ya ɗaga shafi ɗaya ya gwada shi da hotonsa, ko ɗaya! Takardun kuma aka zuba su a kwali aka jefa sito, rufi ya yi yoyo, masu shara suka kwashe suka ƙona. Sau goma sha ɗaya na hau benenku ina tambaya, ana ce mini in dawo, kafin wani mai gadi ya ji tausayina ya gaya mini gaskiya.

Abin da gwamnati uku suka kasa gogewa da bindiga, kun goge shi da rana tsaka, da kyakkyawar niyya, da fanka tana kaɗa ku.

Da a nan aka tsaya, da na haɗiye. Amma sai wata ɗaliba ta zauna gaban kwamfuta, ta karanta abin da na'ura ta bari, ta rubuta kundi mai shafi ɗari uku cewa Tela mawaƙi ne da ya sayar da bakinsa. Ban ga laifinta ba, abin da aka ba ta shi ta auna. Laifin na waɗanda suka sa mata hannu ne, alhali daga ofishinsu zuwa ɗakin Baba bai kai tafiyar rabin awa ba. An yi nazarinsa kamar ya mutu, yana zaune yana shan iska a ƙofar gida. Yau maganar ta bar kundi ta shiga waya. An yanko muryarsa ta rediyo an haɗa da kiɗa, duk wanda ya yi fadanci sai a liƙa masa. Mata suna sayen zare a hannuna suna kunna ta suna dariya, ba su san ubana ba ne. Wallahi abin yana ci mini rai. Ga shi allon nan ma an zana: "Amintaccen mawaƙin gwamnati."

Ta uku, abin da ya rage. Baitocin fensir yanzu wuri ɗaya suke a duniya, cikin kan tsoho mai shekara tamanin da ɗaya. Da safe, in ya tashi da sauƙi, yana kawo su ina rubutawa. Watan jiya yakan kawo ashirin a zama ɗaya. Jiya shida ya kawo, na bakwai ya tsaya a tsakiya yana kallona. Ni in na faɗa, za a ce 'yarsa ce. Ku ake yarda da ku. Ku zo ku ji da kunnenku, ku gyara da hannun da ya ɓata, tun akwai wanda za a tambaya.

Da zan fito ya ba ni saƙo. Ya ce, "Ki ce musu na gode. Ki kuma tambaya a hankali, kada su ga kamar na matsa, ko sun gama da littattafan." Bai sani ba. Shekara biyu ke nan da na san gaskiya, ina ce masa ana kan aiki. Na gaji da yi wa ubana ƙarya a madadinku. Allon nan zan bar shi a kan teburin nan. Wanda ya yanke ɗinkin ya ɗauko shi ya kawo, ya ba Baba amsar da bakinsa.

Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya ba ku idon da ke ganin rubutun da bai fito sosai ba. Allah Ya raba ku da ranar da za a karanta rabinku a yanke muku hukunci. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.