Gwanin Kwando da Jan Sana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Lawali, manomi daga Nasarawa Burkullu.

Ranar kasuwa muna zaune a rumfar mai cajin waya, sai Malam Bitrus, malamin makarantar garinmu, ya nuna mana wani gwanin ƙwallon kwando na Amurka a wayarsa. Ya ce kulob ɗinsa zai musanya shi da matasa uku, kuma a ganinsa wauta ce, don irinsa ba ya da farashi.

Ni ban san wasan ba, amma na san musaya. Na tambayi shekarunsa, ya ce ya haura talatin. Na tambayi lafiyar ƙafa, ya ce an taɓa yi masa aiki a gwiwa. Na ce, "Malam, mu a kara haƙori da ƙafa muke dubawa, ba suna ba. Su bayar da shi tun ana so."

Ya ce, "To Malam Lawali, jan san nan naka na noma fa?"

Damina takwas yana ja mini garma, bara ya fara ɗingishi. Wani dillali ya yi mini tayin maruƙa biyu a kansa, sau uku ina ce masa ya dawo wata kasuwa.

Masu sauraro, ku ba ni shawara, in bayar ko in riƙe? Ina gaida Malam Bitrus. A gaya masa jiya da na fito da san, na ga kamar ɗingishin ya ragu.