Ruwan da Kawu ya sa wa albarka

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, da fatan kai da masu sauraro kuna lafiya. Daga Kazaure nake rubutowa.

Ranar Laraba na kawo Kawuna daga Gwiwa ganin likita. Da muka fito, sai muka shiga wani gidan abinci, domin maganinsa ba a shansa da yunwa. Muna zama mai wurin ya dire mana jug na ruwa da kofi biyu, ba tare da mun nema ba. Kawu ya ɗauka ruwan maraba ne irin na gida. Ya sha, ya ɗaga hannu ya yi wa mutumin doguwar addu'a.

Wajen biya sai na ga an ƙara kuɗin ruwa. Na ce, "Ai na famfo ne." Ya ce, "Alhaji, famfon ba ya zuwa kullum, wurin 'yan ga-ruwa nake saye." Uzurinsa abin dubawa ne, amma bai rubuta a bango ba, bai kuma faɗa mana ba kafin mu sha. Na biya a hankali don kada Kawu ya ji, ashe ya ji. Ya dubi mutumin ya ce, "Ɗan nan, da ka faɗa tun farko, da na rage tsawon addu'ar."

Mako mai zuwa za mu koma asibiti, kuma ya ce ba zai ci komai a gari ba. Ina roƙon masana doka su bayyana mana: ya halatta a karɓi kuɗin abin da mutum bai nema ba? Ku amsa da babbar murya, domin Kawu yana sauraro.

Na gode.