Gurbin Malam Ado a Bencin Mai Shayi

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ina shelanta wa ɗaukacin Bunkure cewa an haramta zama a ƙarshen bencin mai shayinmu. Gurbin abokina Malam Ado ne.

Amosanin gaɓɓai gare shi, maganinsa kuma yana rage garkuwar jiki. Likita ya ba shi shawarar ya karɓi allurar rigakafin mura, babu ƙwayar cuta mai rai cikinta. Ado ya ce, "Likita, gidan da ba maigadi za ka kawo wa baƙo?" Ya ƙi karɓa. Mura ta kama shi wajen ban-ruwan tumatir, ta gangara ƙirji. Laraba muka kai shi makwancinsa.

Masu irin maganinsa, ku saurari likitanku. Yau na manta na sa aka haɗa shayi biyu. Na yanke wa kaina tarar shanye duka.