Lambar Baba Tanko

Kuɗin motar da na je Legas da shi, akuyar Inna ce. Ta sayar da ita ba ta ko gaya wa Baba ba. To Bitrus, tunda ka gama karatun kwamfuta kana ta ɗokin tafiya, matso kusa, ku ma sauran ku saurara.

Ɗakin da na fara kamawa, kajin gidan nan ba za su yarda su kwana ciki ba. Na ce wa mai gidan, "Mama, rufin yana yoyo." Ta ce, "Ruwan sama kyauta kake samu, kana ƙorafi?" Haka suke.

Kamfanin da ya ɗauke ni na masu kai saƙo ne a babur. Wai sunansa "sitatof", ma'ana ba su da komai sai baki. Mai wurin muna kiransa Oga Amerika, don ya taɓa leƙa can ya dawo yana magana ta hanci. Kullum mitin. A zauna mitin don a sa ranar wani mitin.

Aikinmu shi ne rumbun da ke riƙe bayanan direbobi. Kowane direba sai an ba shi lambarsa, ita ce makullinsa a rumbun. Akwai abin da ake kira hash, ku ɗauke shi kamar injin niƙa. Ka zuba lambar wayar mutum, ya fito maka da dogon layi na haruffa da alƙaluma a cakuɗe. Waya ɗaya, layi ɗaya kullum. Amma rumbun namu lamba zalla yake karɓa, don haka sai a yanko farkon layin a mayar da shi lamba. Oga ya ce a yanka gajere sosai.

"Ina son lamba mai kyan gani a katin direba," in ji shi. "Ba wadda za ta zagaya ƙirjinsa ba."

Duk muka gyaɗa kai. A wurin nan gyaɗa kai shi ne rabin aiki.

Wata ranar Talata na fito neman abinci, sai na ji wata mata a bakin ƙofa tana waya cikin C'lela, harshenmu na ƙasar Zuru. Mai gadi ya hana ta shiga. Na gaishe ta da harshenmu, ta kama hannuna kamar ta san ni. Mutuniyar garin Danko ce, can wajenmu. Mijinta, Baba Tanko, tsohon soja ne da ya koma tuƙa mana babur. 'Yan sanda sun kama shi, wai ya gudu da kwamfutar wani da aka ba shi ya kai.

"Ɗana, ranar da suke faɗa yana kwance da zazzaɓi. Ni na dama masa kunu."

Na koma ciki na bincika. Ashe wani sabon direba ne ya yi rajista, kuma farkon layin da injin ya niƙo daga wayarsa ya zo daidai da na Baba Tanko. Can ƙarshe sun bambanta, amma ƙarshen ai mun yar. Rumbu ya ga lambar tana nan, ya ɗauka tsohon mutum ne. Ɓarawo ya yi ta yawo da sunan dattijo da adireshinsa.

Na kai wa Oga. Ya kalli allon ya yi murmushi.

"Kolishan! Mutum biyu sun yi karo a lamba ɗaya. Abin sha'awa. A littafi kawai nake ganinsa."

"Oga, mutum yana kulle."

"Za mu tsawaita lambar."

"A rubuta wa 'yan sanda fa?"

"Ishaku, masu zuba mana jari suna zuwa. Kana son su ji cewa injinmu na kuskure?"

Aka kira mitin. Aka tsawaita lamba, aka tafa, aka sayo fiza, burodin nan mai cuku da ba ya ƙosar da ko yaro. Babu wanda ya ambaci sunan Baba Tanko. "Wancan rekod ɗin" suke cewa, wato bayanansa da ke rumbu.

Ni dai ban taɓa fizar ba. Washegari na nemi ƙungiyar tsofaffin sojojinmu na Zuru da ke can, suka sa hulunansu muka tafi ofishin 'yan sanda tare. Na yi ta bayanin hash, ɗan sandan yana kallona kamar ina masa addu'a da baƙon harshe. Daga ƙarshe na ce, "Yallaɓai, makulli ɗaya aka yanka wa ɗaki biyu." Nan ya ajiye biro. Da wannan da taurin kan tsofaffin nan aka sako shi. Ya fito yana jan ƙafa, don sun taɓa shi kafin su tambaye shi.

Da na koma aiki, katina ya daina buɗe ƙofa. Oga bai ma fito ba. Wata yarinya ya turo ta ce min na fitar da sirrin kamfani, amma suna min fatan alheri a "tafiyata ta gaba". Tafiyata ta gaba tashar mota ce.

Na dawo da jaka ɗaya da tari. Shagon gyaran wayar nan da kuke rainawa, shi ke ciyar da ni, kuma ba wanda yake kirana mitin.

Baba Tanko ma ya dawo Danko. Ƙafar ba ta sake taka giyar babur ba. Kwanan baya ya shigo shagona ya miƙo min waya.

"Ishaku, karanta min. Turancin nan ya fi ƙarfin idona."

Kamfanin ne. Injinsu bai san an taɓa kulle kowa ba. Wai suna taya gwarzonsu murnar ranar haihuwa, suna kewarsa, ya dawo bakin aiki. A ƙasa ga sabuwar lambarsa, doguwa har layi biyu.

Ya ce, "Wannan tawa ce ni kaɗai?"

Na ce, "Taka ce, Baba."

"To goge ta."