Injin da Injiniya Sabi'u Ya Kulle a Ɗaki

Babur ɗina na sayar na tafi Maleshiya, na haɗa da tukunyar gas ɗin walda da wani tsohon janareto. Gwamnati ta ɗauki nauyin karatun Antinku Hadiza, digiri na uku, amma ba ta ce za ta biya wa miji jirgi ba. Na rufe shagon gyaran firji da esi, na bai wa babanku makulli, na ɗauki Ummi a kafaɗa tana shekara huɗu, muka tafi. Tunda kun dage sai kun yi fasfo kun fita waje, ku zauna ku ji. Kai Auwalu, kife wayar nan.

Mun sauka Kwala Lamfo, muka kama haya kusa da jami'arta, wajen Jalan Semarak. Sati biyu ina zaton Jalan sunan wani babban attajiri ne, don duk titin da na duba sunansa ne a gaba. Ashe titi kawai ake nufi. Shagon cin abinci kuma su ce mamak. Na shiga ina neman Mamar da ke tuwon, na tarar da ƙarti masu gashin baki suna jan shayi daga kofi zuwa kofi kamar igiya. Komai ka tambaya sai su ce boleh, wato zai yiwu, ko da ba zai yiwu ba.

Mai gidan hayarmu wani tsoho ne da ke zaune a ƙasa, kowa na kiransa Ankul. Ranar da Hadiza ta fara kaɗa miyar kuka sai ga shi ya hawo yana toshe hanci.

Ya ce, "Me ya mutu a nan?"

Na ce, "Daddawa ce, Ankul."

"Ba boleh."

Na ce, "To wannan abin mai ƙaya da kake fasawa a bakin matakala fa, wanda warinsa ke hana mu numfashi?"

Ya ce wai wannan sarkin 'ya'yan itatuwa ne. Na ce to tamu ma sarauniyar miya ce. Muka rabu a haka, kowa ya ci gaba da warinsa.

Abin da ban sani ba sai da na isa, takardar da ke fasfo ɗina ta mai rakiya ce, ba ta yarda in yi aiki ba. Mutumin da ya saba fita tun safe, ga shi a ɗaki yana kallon ruwan sama. A nan Sabi'u ya same ni. Ɗan Kano ne, shi ma karatu ya kai shi, amma ya haɗa kai da wani ɗan ƙasar suna kula da kwamin wanka na gidajen masu kuɗi. Ba ya amsa sunansa sai ka sa Injiniya a gaba. Bayan sallar Juma'a ya ja ni gefe.

"Malam Bala, an ce hannunka na da kyau a kan esi. Zo mu riƙa fita tare, ba wanda zai sani."

Na gode masa har da durƙusawa. Ku rubuta wannan a ranku, a baƙon gari wanda ya fi saurin ce maka ɗan'uwa shi za ka fi sa wa ido.

Wani gida ya kai ni, na wata dattijuwa da ake kira Datin. Da na fara ji na ce wace irin mace ce ake kira datti a gabanta tana murmushi? Ashe lakabin girma ne. Gwiwoyinta sun ci, likita ya ce ta riƙa tafiya a cikin ruwan ɗumi kullum. Za ku ce garin da ake zufa dare da rana me ya kai shi ɗumama ruwa. To kwamin nata yana bayan gida ƙarƙashin manyan bishiyoyi, rana ba ta taɓa shi, ga ruwan sama kusan kowace la'asar. Matashi zai faɗa ya ji daɗi, amma tsohuwar in ta sa ƙafa sai ta janye. Sabi'u ya riga ya sa mata hita, irin mai ƙarfen nan da ke ja, babba. Ruwan ya yi ɗumi, amma wutar da take sha ta sa ɗan Datin ya ce a kashe ta. Tsohuwa ta koma kujera.

Na zagaya gidan, na ji iskar da ke kaɗawa, zafi da laima kamar an buɗe murfin tukunya. Na ce wa Sabi'u akwai injin da suke kira hit-fam. Kun san in kun tsaya bayan esi, zafi yake huro muku? Wannan zafin daga cikin ɗaki ya kwaso shi. To shi wannan injin esi ne da aka juya: ya kwashi zafin iskar waje ya zuba a ruwa, ya huro sanyi waje. Ba ƙirƙirar zafi yake yi ba, dakonsa yake yi, shi ya sa wutar da yake ci kaɗan ce. A garin da iska ke tafasa kyauta, ai ɗiba kawai za ka yi.

Ya ce, "Na san wannan, ai mun yi shi a aji."

Na ce to madalla.

Ni na zaɓi girman injin daidai da ruwan. Ni na dasa shi a fili, nesa da katanga, inda iska za ta shiga ta fita. Na haɗa bututu bayan matatar ruwa, na wanke matatar, don in ruwa ba ya gudu sosai injin wahala kawai yake sha. Na saita shi ya yi aiki da rana lokacin da iska ta fi zafi, ɗumi daidai jiki, ba na shayi ba. Sannan na sa aka sayo mayafi mai kama da tamfol a riƙa rufe kwamin in ba a ciki, domin yawancin ɗumin ta sama yake guduwa tare da tururi. Ko kunu kika bari a buɗe ai ya huce.

Kwana uku, Datin ta shiga ruwa. Ina tsaye da sifana a hannu na ga tsohuwar nan tana takawa daga wannan baki zuwa wancan, tana dariya ita kaɗai. Da wata ya ƙare ɗanta ya zo da takardar wuta yana murna. Sabi'u ya gyara hula ya yi ta bayani, wai bincikensa ne na jami'a. Amma tsohuwa ba yarinya ba ce, ta ga wanda ya kwanta a ƙasa yana ɗaure bututu. Muna fita ɗan nata ya biyo ni ya ce in ba shi lambata.

Sabi'u ya gani.

Juma'ar da ta biyo muna zaune a mamak, mu kusan goma, duk 'yan gida, malaman jami'a da ɗalibai. Ya bari sai da aka kawo shayi.

Ya ce, "Jama'a, ku taya ni jin ikon Allah. Mutum mace ta ɗauko shi a jaka ta kawo shi, na tausaya masa na ba shi riƙon sifana, yau shi ne zai zagaya ta bayana."

Na ce, "Injiniya, ni ban nemi lambar kowa ba."

"Rufe min baki, Bala. Ka san abin da ke rubuce a fasfonka. Waya ɗaya zan buga wa 'yan imigireshin, da kai da matarka da karatun nata ku kwana a Kano. In sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu biyu suka yi dariya. Har yau na san su. Na tashi na bar shayin. Na hau bas na nufi gida. Da ni kaɗai ne da na fasa masa baki a wurin, a kore ni in an ga dama. Amma Hadiza saura shekara guda ta gama, ta sha wahalar shekara biyu. Na gaya mata, ta yi kuka, ta ce in bar shi da Allah. Na ce na bar shi da Allah, amma ina nan kusa ina kallo.

Wata takwas ina gida. Ni ne kai Ummi makaranta, ni ne cefane, ni ne tafiya kasuwar Masjid India neman yadin da za a aiko wa kakarku. Na iya dafa shinkafa da ruwan kwakwa. Ɗan Datin ya kira sau biyu, ban ɗauka ba. Kullum in na wanke kwano sai in tuna dariyar nan.

Ana saura wata biyu azumi sai ga kiran Sabi'u, murya kamar zuma.

"Malam Bala, kwana biyu. Ai ɗan'uwa ba ya fushi da ɗan'uwa."

Ashe ƙanin Datin ya ga yayarsa ta warware, ya ce a yi masa irin nata a gidansa, kwami ya ninka nata. Sai dai matarsa ta ce ba ta son ganin inji a lambunta, yana ɓata mata furanni. Akwai wani ɗan ɗakin ajiya a gefe, ba taga, ƙofa ɗaya.

Sabi'u ya ce, "Na ce a sa shi a ciki a rufe. Ya ka gani?"

Na san abin da zai faru kamar yadda na san sunana. Kalma biyar ta isa ta cece shi.

Na ce, "Zai yi kyau a ido, Injiniya."

Ban yi ƙarya ba. Ya yi kyau a ido.

Labari ya riƙa zuwa mini ta bakin mata. Ruwa ya ƙi ɗumi. Inji na ta gurnani yini guda, wuta na tafiya. Sabi'u ya ce injin ne ƙarami, ya ciro shi ya sa babba, a ɗakin dai. Abin ya ƙara lalacewa. Ya canza bututu, ya zagi masu sayarwa, ya ce gas ne. Bai sake kirana ba, girman kai ya hana. Ni kuwa na ƙara ƙiba a watan nan.

Da Sallah su al'adarsu buɗe gida suke yi, kowa ya zo ya ci. Datin ta sa aka nemo Hadiza ta jami'a, ta ce lallai mu zo, a gidan ƙanin nata za a yi. Na sa shaddata fara, na kafa hula. Baƙo nake, ba ma'aikaci ba, ba dokar da ta hana mai rakiya cin abincin Sallah.

Mun tarar da gida cike. Yara sun sa kayan wanka sun tsaya a bakin kwami, mai sa ƙafa na janyewa. Ga Sabi'u can gefe da abokin kasuwancinsa, maigidan na yi musu magana ƙasa-ƙasa, fuska ba annuri. Datin ta hango ni, ta taho da ƙafarta, ba sanda.

Ta kama hannun rigata ta ce wa ƙaninta, "Ga wanda ya yi nawa."

Maigidan ya dubi Sabi'u, ya dube ni. Ya ce ko zan duba.

Na ce, "Ni baƙo ne, ranka ya daɗe, ba na taɓa komai. Amma Injiniya zai iya buɗe mana ƙofar can."

Sabi'u ya ce da Hausa, "Malam Bala, don Allah."

Na ce da Turanci, yadda kowa zai ji, "Buɗe mana, Injiniya."

Ya buɗe. Sanyi ya bugo mu kamar an buɗe firjin 'yan kifi. Ƙasa duk ruwa, bayan injin ya yi fari fat da ƙanƙara. A Kwala Lamfo, da azahar. Yara suka ruga suna kankara da farce.

Maigidan ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Injiniya ya yi shi a aji, shi zai yi bayani."

Aka jira. Ya buɗe baki, ya ambaci sunan wani lissafi, ya tsaya. Na bar shi ya tsaya ɗin, na ƙirga numfashinsa. Sai da shirun ya ishi kowa sannan na harɗe hannuwa a baya na ce, injin nan zafin iska yake ci, ya fitar da sanyi. An kulle shi a ɗaki, ya cinye ɗan zafin da ke ciki, ya koma shaƙar sanyin da ya amayar. Ku fito da shi fili, ku sa masa shinge mai ramuka saboda furannin uwargida, ku rufe ruwan in ba kowa, shi ke nan. Na farkon ma da aka cire ya isa.

Datin ta fassara wa waɗanda ba su ji ba. Abokin kasuwancin Sabi'u ya juya ya fita, ko sallama bai yi masa ba. Ni kuwa na koma rumfa na ci naman nan nasu mai kwakwa, faranti biyu.

A hanyar gida Hadiza ta ce, "Baban Ummi, ka san zai faru tun ranar da ya kira ka."

Na ce na sani.

"Yana da mata da 'ya'ya uku."

Na ce, "Ni ma ina da mata da 'ya ranar da ya ambaci imigireshin."

Matar Sabi'u, wadda suke zuwa kasuwa tare da Hadiza, ta daina gaishe ta, kuma wannan ya dame ta ƙwarai. Sabi'u bai buga wayar ba, don in ya tona ni ya tona kansa. Abokin ya raba gari da shi, gidajen suka janye ɗaya bayan ɗaya. Juma'ar da ta biyo na koma mamak ɗin, karo na farko cikin wata goma sha ɗaya, na zauna a kujerar da na bari. Aka tambaye ni me ya faru. Na ba da labari tiryan-tiryan, ban ƙara ba ban rage ba, sai dai a ƙarshe na ce Allah ya ba Injiniya Ƙanƙara haƙuri. Masu dariyar nan biyu su suka fi kowa dariya.

Hadiza ta gama, muka dawo. Ban zo da dukiya ba, akwatin kayan aiki ne kawai da Datin ta ba ni, sai Ummi da ke amsa mini da Turanci. Na karɓi makullina wurin babanku na buɗe shago. Antinku har gobe tana cewa in nemi gafara, hakkin shirun nan yana kaina. Wataƙila da gaskiyarta. Na gwada nadama sau da yawa, ba ta kama ni ba.

Bara na je ɗaurin aure Zariya, na hango shi cikin manyan baƙi, ya yi tumbi, yanzu yana koyarwa. Mai sanarwa ya ɗauki lasifika ya ce ana maraba da Dakta Sabi'u Ƙanƙara. Na ga ya runtse ido. Wani dattijo da ke kusa da ni ya karkato ya ce, "Ashe mutumin Katsina ne? Ɗan Ƙanƙara?"

Na ce, "A'a, Baba. Tasa ƙanƙarar ta Kwala Lamfo ce."