Ɗana Ya Rasa Ƙungiyarsa a Bungudu

Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Saratu daga Bungudu.

Lokacin da muke Gusau, ɗana Yohanna ya shiga ƙungiyar yara maza ta majami'armu, masu fareti da kaki. Can ya koyi addu'a da ladabi da ɗaure rauni, har ya taɓa tsayar wa wani direba jini a hanyar Tsafe.

Bara aka yi wa babansa canjin aiki zuwa nan, inda babu ƙungiyar. Yanzu a tasha yake wuni. Jiya na tsinci sigari a aljihunsa. Da na yi faɗa sai ya ce, "Inna, to ina za ni? Wa ke jirana?"

Iyaye, ku ba ni shawara: yara maza shida ne a majami'armu ta nan, sun isa a kafa ƙungiya?